Sunana Yana Yamai

Filinge, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Delu, malamar lakkwal, makarantar boko, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da yara? Ni ce Habsa ɗiyar Baba Talle. Malam Magagi na bakin tasha ke rubutawa, ni ina faɗi, in magana ta karkace bakina ne.

Yaya, idon Nafi'u ne. Wani fari ya fito cikin na hagu, in fitila ta haska shi sai ya yi ƙyalli kamar na kyanwa. Likita ya ce ba aikin nan ba ne, a kai shi Yamai kafin abin ya yi nisa. Ubanai Ɗanjimma shina Abijan wajen biɗar kuɗi.

Na goya yaro na shiga motar Nasiru mai zuwa Yamai. Kafin Baleyara, a shingen soja, anka ce kowa shi fiddo katin shaida. Ba ni da shi, ban taɓa wuce kasuwar Damana ba. Sunka sauke ni, na dawo cikin motar awaki.

Na tahi ofishin magajin gari anka ba ni kwafin takardar haihuwata, na kai komsariya, wurin 'yan sanda, don a yi min kati. Mutumin ya daddanna na'ura, ya dube ni, ya ce wannan Habsar ai tana da kati tuni a Yamai. Uba Talle, uwa Ramatu, ranar haihuwa duk ɗaya. Na ce ni ce. Ya ce in na tsaya a kan haka za a buɗe bincike, kuma cikinmu biyu ɗaya za ta sha ɗauri.

Yaya, me ɓarawo zai yi da sunan mai dakan hatsi? Ke kin yi boko, kin san mutane. Ki biɗo min matar ga, ki roƙe ta ta maido min sunana. Ba na barci.

Ki gaida maigidanki. Ƙanwarki Habsa.


Yamai, Laraba

Ƙanwata Habsa,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ba Nafi'u lafiya. Ina roƙonki abin da ke cikin takardar nan ya tsaya tsakaninmu.

Babu ɓarawo. Katin nawa ne. Kin san a ƙauye aka haife ni, babu wanda ya rubuta haihuwata, kuma lokacin da babana ya so sa ni lakkwal shekaruna sun wuce. Ke an haife ki a asibitin Filinge, takardarki na ajiye, kuma ba a yi niyyar sa ki ba. Baba Talle da kansa ya miƙa wa ƙanensa, wato babana, ita. Gidaje da yawa sun yi haka. Da sunanki na yi jarrabawa, da shi aka ɗauke ni aiki, da shi aka rubuta aurena. A nan Madam Habsatu ake kirana.

In kika koma komsariya, aikina ya tafi, wataƙila har kotu, kuma Baba zai shiga ciki.

Ga shawara. Ki samu shaidu biyu, kotu ta yi miki sabuwar takarda da sunan Delu, tunda babu mai amfani da shi. Amma wannan yana ɗaukar lokaci, ido kuwa ba ya jira. Don haka ki ba Gwaggo Laraba yaron ta kawo min, ita tana da kati. Takardar haihuwarsa ta ce uwarsa Habsa Talle. In na shiga da shi asibiti da katina, babu mai tambaya.

Ki yi tunani da hankali. Yayarki Delu.


Filinge, ran Jumma'a

Yaya Delu,

Salamu alaikum. Kin ce kar kowa shi ji. Kin manta ban iya karatu ba? Malam Magagi ya karanta min, ya sake karantawa. Ya rantse ba zai faɗa ba. Yanzu shi ma tsoronai nike ji, ga shi nan shina rubuta hakan.

Na tambayi Baba. Shina gyaran igiyar rijiya, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce takarda ce kawai, ba a ci, ba a sha, ya ba wadda za ta amfana, zumunci ne. Na ce to ni fa? Ya ce ke ai kowa ya san ki a garin ga.

A garin ga. A shinge ba a san ni ba.

Kin ce in zama Delu. To in na zama Delu, takardar Nafi'u ta ce uwatai Habsa ce, ni mece ce gare shi? Ke kin ɗauki sunan, yanzu sunan zai jawo min ɗa ya kai miki.

Jiya na tahi har ƙofar komsariya. Na tsaya gindin itacen bedi da yaro a baya har rana ta take. Na tuna Baba da tsufanai gaban alƙali. Kuma ko na shiga, bincike ba ya ƙarewa yau, ba za su ba ni kati gobe ba. Na dawo gida.

Da safen ga na miƙa wa Nafi'u ƙosai ta gefen hagu. Bai gani ba, Yaya.

Habsa.


Filinge, ran Litinin

Yaya,

Gaisuwa. Gwaggo Laraba za ta ba ki takardar ga tare da Nafi'u. Na yaye shi shekaranjiya don tafiyar, zai yi kuka, ki ba shi kunu ba mai zafi ba. Ba ya barci sai ya riƙe kunnen mutum. Layar da ke wuyanai kar a cire sai likita ya ce.

Zan tsaya bakin tasha duk ranar da motar Nasiru ke dawowa. Ki aiko min da gaskiyar abin da sunka gani, ko mene ne.

A asibiti ki ce ɗanki ne, na yarda. In kun koma gida, Delu zai kira ki.

Allah shi kai su lafiya.

Uwar Nafi'u.