Katunan Ajin Su Aliyya

Alhamis, 8 ga Fabrairu, 2024

An ɗora mini shirin Ranar Masoya a gidan rediyo. Ni fa! Tun daga unguwarmu Largo har ofis ina karanta tarihinta a jirgin ƙasa. Wai wani limamin Kirista ne a Rum ta dā, Valentine, yake ɗaura wa sojoji aure a ɓoye har aka kashe shi. Wasu suka ce a'a, tsohon bikin gargajiya ne aka sake wa riga. Masana ma ba su daidaita ba, amma kantuna duk sun yi jawur.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Innalillahi. Na tarar da 'yata Aliyya a ƙarƙashin tebur tana liƙa wa kwalin takalmina jar takarda. Ga kati a gefe, an zana zuciya, an rubuta Desmond. 'Yar shekara takwas! Ban tambayi komai ba, na kwashe duka na kai bola. Matata Kaltum ta ce, "Baban Aliyya, ka dai saurare ta." Na ce ba a gidana ba.

Abin da nake tsoro ke nan tun da muka sauka ƙasar nan. Hausar ma ji kawai take yi, sai ta amsa da Turanci. Yau kati, gobe kuma me? Wallahi tsoro nake kada yarinyar nan ta suɓuce mini.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Aliyya ta durƙusa gaisuwa da safe, amma baki a rufe.

Talata, 13 ga Fabrairu

Mun naɗi shirin. Na zuba bayani kamar na san komai. A gida kuwa ko ruwa Aliyya za ta ba ni, sai ta ajiye ta juya. Tuwo ya ƙi shiga.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Na haɗu da maƙwabciyarmu Olive, nas ɗin nan 'yar Kafanchan, uwar Desmond. Ta dawo daga coci da toka a goshi, bana farkon azuminsu ya faɗo a ranar. Na ɗaure fuska na ɗauko mata maganar katin. Sai dariya.

"Haba Malam Ubale! Ai dokar ajin ce. Kowane yaro sai ya ba kowa, mace da namiji, don kada a bar wani. Kwalin nan a ciki ake jefa musu."

Kowa da kowa. Ni da na kwana biyar ina binciken Rum, ban binciki ajin 'yata ba. Motar makaranta kuma ta riga ta tafi.

Yini guda ban san me na yi a ofis ba.

Da yamma Aliyya ta shigo da leda cike da katuna da alawa, malamarsu ce ta ba ta ledar tunda ba ta da kwali. Ta ajiye a gabana. Da Hausa ta yi maganar, Hausa tsaf, wadda na shekara ina roƙo:

"Baba, ni kaɗai ce ban ba kowa ba."



Alhamis, 15 ga Fabrairu

Na biya kanti. Ragowar katuna ne kawai, wasu ma sun lanƙwashe. Na kwaso. Ba wai na yarda da bikin ba ne, a'a. Tukwici ne, an ba ka sai ka mayar, haka muka taso.

Ta zauna tana rubuta sunaye, ni ina liƙa alawa. Ba mu yi hira ba. Sau ɗaya dai ta ce na liƙa a karkace.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Ni na kai ta da kaina, na riƙe mata ledar har ƙofar aji. Ba ta ce in koma ba.

Da na dawo sai na ga kati a jikin firij, an rubuta Mama, da zuciya ƙatuwa. Kaltum sai murmushi take yi. Na duba kan teburina, na duba aljihun kwat, har cikin jakar aiki na zazzage.

Ba wai ina so ba ne. Dubawa kawai na yi.