Tandun Kwallin da Na Ɓoye a Cikin Likkafanina

Admin, ki sakaya sunana don Allah.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni ba yarinya ba ce, da yawanku na yi jika da ku. Haifaffiyar Limawa ce ni a Jimeta, ina aji ɗaya aka samu 'yancin kai, har yanzu ina tuna 'yar tutar da aka danƙa mana muna kaɗawa a rana. Na koyar a firamare har na yi ritaya, don haka kada wani ya ce jahilci ne ya kai ni, da karatuna na aikata abin da na aikata.

Autata, bari in kira ta Ummi, nas ce a Ingila. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai bana Allah ya ba ta 'ya mace, tun tana da ciki aka yi ta fama da takardu har aka kai ni can don in zauna mata jego. Mijinta a wani gari yake aiki, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Na tafi da ɗokina, akwati cike da kayan yaji da kanwa da turaren wuta, ina ganin zan je in yi abin da na fi kowa iyawa, domin rabin jariran unguwarmu ni na yi musu wankan farko.

Ashe ban san inda zan je ba. Ƙasar nan komai sai an ba ka rana, ko likita kake son gani sai ka buga waya inji ya yi ta ce maka danna ɗaya danna biyu, ka gama dannawa a ce ka zo bayan sati biyu. Shara kanta kwando huɗu gare ta, ran da na haɗa kwalba da ɓawon doya masu kwasa suka bar mana ita, suka liƙa takardar gargaɗi. Na kunna turaren wuta sau ɗaya, wata ƙararrawa a silin ta kama ihu har na zubar da kaskon. Ranar suna na zuba dambun nama a kwano na kai wa maƙwabciyarmu, ta buɗe ƙofa da sarƙa a jiki ta ce ba ta saye. Wata biyar muna katanga ɗaya, ban san sunanta ba. Wankan jego Ummi ta ce hawan jini, kunun kanwa ta ce zuciya, in goya yarinya ta ce ba a sa ta haka, komai na ɗauko amsarta ɗaya ce, “Dada, nan fa ba Yola ba ce.” Na zama kamar kujera a gidan, ana kewaye ni a wuce.

To ga inda maganar take. Ina da wani ɗan tandun kwalli na fata, goggona ta saya mini a kasuwar Jimeta lokacin aurena, zamanin muna Jihar Arewa maso Gabas, maigidana yana akawu a Maiduguri sai wata-wata yake zuwa. In kwallin ya ƙare in sayo dutsen in niƙa in ƙara, tandun dai shi ne har yau. Da shi na yi wa 'ya'yana bakwai kwalli, har ita Ummin. A wurinmu jaririn da ba a sa wa kwalli ba kamar ba a gama yi masa wanka ba ne, yana wanke ido, yana kare bakin mutane, haka muka taso muka gani. Satin farko na sa wa jikata, Ummi ta gani ta yi tsalle, ta ce akwai dalma a ciki, guba ce ga yara. Muka yi cacar baki, na ce ita da aka sa wa ga ta nan da digirinta, ta ce in ba ta. Sai na miƙa mata wata 'yar kwalbar kwalli ta kanti da nake sawa a idona, ta jefa a shara a gabana, ta ɗauka shi ke nan. Tandun kuwa na cusa shi cikin likkafanina, wanda ba na tafiya ko'ina sai da shi, na san ko giyar wake Ummi ta sha ba za ta taɓa wannan ƙullin ba.

Da ta koma aiki aka bar ni da yarinya. Kullum da safe in ta fita sai in yi mata wanka, in zizara mata kwalli har da gira, in zauna ina kallonta ina yi mata waƙa da Fulatanci, wallahi lokacin nan kaɗai nake jin ni mutum ce a ƙasar nan. Kafin la'asar in goge shi tas da auduga da ruwan ɗumi. Yarinya kuwa ta murza ido ta kai hannu baki, ina gani, ban ɗauke shi komai ba. Kusan wata uku ina haka.

Sai yarinya ta fara canzawa, ga yawan kuka, ga ƙin nono, ta yi fari fat, wasan da take yi duk ta daina. Na ce haƙori ne. Ummi ta matsa aka ɗebi jininta, sakamako ya fito wai akwai dalma a jikinta fiye da kima. Ranar Ummi a ƙasan kicin ta zauna tana kuka, tana cewa ita ta jawo, ita ta nace suka kama tsohon gidan nan don yana kusa da wurin aikinta. Mijinta ya zo suka yi ta faɗa a kan gidan, ya ce tun farko ya faɗa mata, ta ce shi da ba ya zama ina ya san abin da ake ciki, kwana biyu ba su yi wa juna magana ba. Wasu mutane suka zo suka kankari fentin bango, suka ɗebi ruwan famfo, har ƙasar bayan gida suka tafi da ita. Ni ina zaune da carbi ina roƙon Allah ya sa a bangon ne. Ba a samu komai ba.

Ranar Litinin wata baturiya ta zo, daga ofishin masu kula da lafiyar yara, mai fara'a, ta zauna ta sha shayi. Turancinsu yana mini sauri amma na gane tambayarta, ko akwai wani abu da aka kawo daga gida, magani ko kayan kwalliya. Ta juyo wayarta ta nuna mana hoto, wallahi jama'a kwalli ne, har da irin tandun nan namu. Ummi ta ce e, mahaifiyarta ta zo da shi, sau ɗaya aka sa tun yarinya tana sati guda, kuma da hannunta ta zubar. Ta juyo ta ce mini da Hausa, “Ko ba haka ba ne, Dada?” Na gyaɗa kai alamar e. Matar ta rubuta, Ummi ta sa hannu a fom ɗin. Matar ta ce za su dawo ranar Alhamis su biyu su duba kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, don in ba a gano inda abin yake fitowa ba ba za su yarda yarinya ta ci gaba da kwana a gidan ba.

Tun ran da sakamakon ya fito ban sake buɗe tandun ba, wannan kam na rantse. Amma akwai abin da ya fi hana ni sukuni, ban taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yata ta fari, wadda na haifa babanta yana Maiduguri, tana da manyan idanu, duk wanda ya shigo sai ya tanka, don haka kakarta ta ce a riƙa cika mata kwalli safe da yamma saboda baki. Ba ta kai shekara biyu ba ta fara irin wannan kukan da ƙin abinci, rannan jijjiga ta kama ta a bayana muna hanyar asibiti, kafin saƙo ya isa wurin babanta an binne ta. Aka ce baki ne ya kama ta, na yarda, na ma ƙara wa ƙannenta kwalli. Shekara hamsin ina zargin idon mutanen Limawa. Yanzu in na kalli jikata, idanun nan ne sak. Ban sani ba ko kwallin ne ya kashe 'yar tawa, likita kaɗai zai iya faɗa, kuma ba ni da bakin tambaya.

Tsoro nake ji, 'yan uwa, irin wanda ban taɓa ji ba. In na faɗa, Ummi ta riga ta sa hannu a takardar hukuma a kan abin da ba haka yake ba, ga ta nas, ina jin ana cewa a ƙasar nan kan abin da bai kai wannan ba ana raba uwa da ɗanta, ana karɓe takardar aikin mutum. Ban san gaskiyar dokarsu ba, ba ni da wanda zan tambaya, ko maƙwabciya ba ni da ita. Surukina kuma da wane ido zan kalle shi? In na yi shiru na jefar da tandun, ko inda zan jefa shi ban sani ba a garin da ake leƙa shara, kuma likitoci za su ci gaba da lalube a duhu, Ummi ta ci gaba da ɗora wa kanta, wataƙila su ɗauke yarinyar duk da haka. Na ɗauko ƙullin likkafanin ya fi sau goma, in kwance in mayar.

Yau da safe da za ta fita aiki, idonta duk ya kumbura, ta miƙo mini yarinyar ta ce, “Dada, Allah ya sa ke ce a gidan nan. Da 'yar raino na ɗauka, wallahi da na ce ita ta cuce ni.” Ta sumbaci goshina ta fita.

Yau Laraba ce, ƙarfe biyar za ta dawo, yarinyar tana barci a cinyata ina wannan rubutun. Masu zama a ƙasashen nan, da ma'aikatan asibiti da ke cikin zauren nan, ku faɗa mini gaskiya ko da zagi ne, na cancanta. In na fito da tandun za su ƙwace mata 'yarta? Ita zan fara faɗa wa, ko baturiyar, in ce ni kaɗai ce, 'yata ba ta sani ba? Kuma in ita ce, don Allah ku koya mini kalmar da zan fara da ita, domin ni na rasa.