Aro Na Ba Ka

Auta,

Bayan gaisuwa, ya Umma da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau. Wankin kwanuka ne dai yake cin bayana, amma da sauƙi.

Na ga bidiyon da ka turo, kana gangarowa layinmu cikin ruwan sama a kan katakon suluna, tayoyin suna feshi, yara suna ihun sunanka. Kwanar nan da ta karya min haƙori, kai ka sha ta kana dariya. Allah ya tsare. Ranar da na ga bidiyon dai ko abinci ban iya ci ba.

Nan ma ana ruwa, amma garin shimfiɗe yake kamar faranti, ko gangara ɗaya babu.

Ka riƙa goge tayoyin kada su yi tsatsa. Aro na ba ka, ba kyauta ba.

Yayanka