Yarinyar da Ake Share Hanya Dominta

Zuwa ga ƙanwata Lesia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Andriy da jaririnku Marko. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana shi. Mu dai muna nan yadda kika san mu. Maigidana Myron yana fama da gwiwarsa, amma ko yanka shi za a yi ba zai yarda ciwo take ba, sai ya ce takalmin ne. Sanyin bana ya riske mu tun ba mu gama kwashe alkama ba, rabin gonar arewa tana kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara sai ta narke, in ɓeraye da barewa sun rage mana wani abu.

Maganar 'yarki Kalyna ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba na iya faɗin abin da ke raina, Myron na tsaye a kaina kamar mai gadi. Kin ce yanzu kin samu natsuwa, kina so ta dawo wurinki a Vancouver, ita kuma ta ce miki ba ta so, nan ya fi mata. Na san kin yi kuka, kin ɗauka ni na hure mata kunne. Wallahi ban hure ba. Ga yadda abin yake.

Kin san hanyarmu. Muna yara gidaje ne jere a kanta, yau saura uku: namu, da na tsoho Zenon, da na Stefka matar marigayi Petro. Sauran kamfani ya saye gonakin, ya rushe gidajen. Hukumar gunduma kuwa gireda ɗaya ta rage mata, kuma dokarsu ita ce hanyar da motar makaranta za ta bi ita ake share wa dusar ƙanƙara da safe. Wadda babu ɗan makaranta a kanta sai ranar da aka ga dama. Kalyna ce kaɗai yarinya a hanyar nan. A bayan motarta Zenon ke lallaɓawa asibiti wankin ƙoda, a bayanta ake kawo wa Stefka gas ɗin ɗumama ɗaki. Shi ya sa suka sangarta ta. Zenon ba ya kiran sunanta, sai "ranki ya daɗe, Sarauniyar Gireda." Stefka ta saƙa mata safar hannu da za ta ishi ajinsu kaf, kullum tana ce mata, "'Yar nan, ki yi ta faɗuwa jarrabawa, kada ki kuskura ki gama makarantar nan sai na mutu." Mu yi ta dariya. Ban san yarinyar tana ajiye maganar a ranta ba.

Ranar Litinin ta makon jiya ta tashi idanunta jajawur, ta ƙi cin komai. Na ce bari in kira direba in ce kada ya zo, ta ce lafiyarta ƙalau, ta jawo hula ta rufe goshi don kada in taɓa. Da tsakar rana aka bugo daga makaranta, wai ta yanke jiki ta faɗi a aji, sanyi ya kama mata ƙirji. A asibiti na rufe ta da faɗa, ta dube ni ta ce, "Haba Inna, in ban je ba ai gireda ba za ta shigo ba, yau kuma ranar wankin Kaka Zenon ce." Lesia, ashe ba wannan ne karo na farko ba. Na tambaye ta tsakaninta da Allah ko tana son zuwa wurinki, ta juya fuska bango ta ce to wa zai shiga motar a madadinta.

An sallamo ta, tana samun sauƙi, kada hankalinki ya tashi. Ni ce ban warware ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana goye da tsofaffi huɗu, mu kuma muna tafa mata. Na je ofishin gunduma na roƙa, magatakarda ya ba ni kofi, ya ce ya tausaya ƙwarai, amma mu fara tunanin komawa gari. Myron ya ce gawarsa ce za ta koma gari. Tsohuwar taraktarmu ba ta iya share wannan nisan, mai ita ma ba ya iyawa. Zenon ya ce gidan tsofaffi na gari cike yake, sai wani ya mutu ake samun gado, shi kuma bai saba yi wa mutane irin wannan addu'ar ba. Ban ga mafita ba, kuma na gaji da nema.

Don haka ki zo ki ɗauki 'yarki. Ki zo kafin a tashi hutun Kirsimeti, bayan nan babu motar makaranta, ba lallai ki iso ƙofarmu ba. Wannan karon ba za ta yi miki gardama ba. Jiya Zenon ya zo har gefen gadonta, ya ce mata an yi sabuwar doka, daga yanzu kullum za a riƙa share hanyar masu ciwon ƙoda, saboda haka ya tuɓe ta daga sarauta, ta tattara komatsanta ta ba shi wuri. Ta dube ni, na gyaɗa kai. Stefka ta kama giciyen wuyanta ta rantse. Rabon da in ga yarinyar nan ta ci abinci kamar jiya har na manta. Tana ci tana tambayata ko da gaske ana hango teku daga tagarku.

Ki gaida Andriy, ki shafa mini kan Marko. In kin leƙa wurin Kawu Vasyl da matarsa Daria ki ce ina gaishe su. Myron yana gaishe ki, ko da yake tun jiya bai bar garken shanu ba sai don cin abinci.

Abu ɗaya nake roƙonki. Babu wata doka, Lesia. In ta tambaye ki, ki ce akwai. In kuma labarin Zenon ya iso muku cikin sanyin nan, ki ce mata tsufa ne.

Yayarki,
Halyna