Kaskon Verna

Elm Fork, Dakota ta Kudu
14 ga Satumba, 1986

Zuwa ga 'yata Ardis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Gordon da yara. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da ta ƙi jin magani.

Ubanki Delmer zai ji haushina, amma ya saba, tun muna yara yake ji. Ƙanena ne, na san taurin kansa. Abin da yake ɓoye miki shi ne yau kusan wata biyu ba a ci komai da yamma a gidanku ba sai sloppy joe, miyar niƙaƙƙen naman nan da ake zubawa cikin burodi. Uwarki Verna, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa 'yan makarantar garin nan abinci, yanzu wannan kaɗai ya rage mata a ka. Ƙarfe huɗu na yi za ta ɗora kasko, ta soya niƙaƙƙen nama laba uku, ta jera faranti bakwai kamar har yau ku biyar ɗin kuna gida. Firjinsu ya cika, nawa ya cika, na Fasto ma ya cika. Har karen gidanku ya gaji da ci, in ya ji ƙamshin albasa sai ya shige ƙarƙashin mota.

Muna ta dariya har ran Talata, da tsumman goge hannu ya kama da wuta a gefen murhu, ita kuwa tana tsaye tana kallo. Ba don Delmer ya shigo shan ruwa ba, da wata irin wasiƙar kike karantawa yanzu. Na ce masa ya rufe gas ɗin, ya ce, "Inez, je ki ji da gwiwarki." Ke ce ma'aikaciyar jinya, maganarki yake ji.

Ki shafa min kan yara.
Gwaggonki, Inez

Portland
22 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Ya aikin gona?

Gwaggo ta faɗa min komai, kuma kada ka yi mata faɗa. Raina ya ɓaci, Baba. Duk Lahadi sai na kira, duk Lahadi sai ka ce min lafiya lau. Kullum ina ganin irin wannan ciwon mantuwa a wurin aiki, kuma ba ya komawa baya. Ka rufe gas daga tankin waje, ka ce mata murhu ya lalace. Gara ta yi fushi da mu da a kira ni a ce ta ƙone. Rigakafi ya fi magani, kai ka koya mana.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Ardis

Elm Fork
2 ga Oktoba

'Yata Ardis,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Allah ya yi muku albarka. Kin san rubutu ba sana'ata ba ce, ki yi haƙuri da hannuna.

Gaskiya kika faɗa, na ɓoye miki. Amma Inez ba ta faɗa miki duka ba, don duka ɗin ba ta gani ba. Mamanki ba ta san ranar da ake ciki ba. Da safe takan kira ni da sunan yayanta Arvid, wanda aka binne tun kafin a haife ki. Amma da zarar ta ɗauki kaskon nan na baƙin ƙarfe, sai ki ga bayanta ya miƙe. Albasa ta fara shiga, sai nama. Ta tsiyaye mai a gwangwani, ta zuba tumatirin kwalba da mastad da jan sukari, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska, ta ƙara ɗigon ruwan tsami. Burodin ma sai ta ɗan gasa cikinsa don kada miya ta jiƙa shi. In na shigo sai ta ce, "Delmer Hovland, fitar min da ƙazaman takalmanka daga kicin, ko a garken shanu aka raine ka?"

A nan kaɗai take faɗin sunana. Rabin sa'a ne, Ardis, kuma a yini guda shi ke nan abin da nake samu na matata. Shi kike cewa in je in rufe.

Ina zaune kusa da ita duk sanda take girki. Zan lura.

Ubanki

Elm Fork
9 ga Nuwamba

'Yata Ardis,

Bayan gaisuwa. Na rufe.

Ranar ƙarshen girbin masara na makara a gona, don hadari ya haɗo. Na dawo na tarar da tebur a shirye, faranti bakwai, ga ƙuna a wuyan hannunta mai faɗin cokali, ta yi ruwa. Na tambaye ta, ta duba wurin ta ce, "Wa ya yi min wannan?"

Washegari ƙarfe huɗu ta ɗora kasko, ta murɗa, ba wuta. Na ce mata murhu ya lalace. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Kwana uku tana tsayawa gaban murhun da albasa a hannu. Rana ta huɗu ba ta tashi daga kujera ba, kuma har yau ba ta sake tashi don girki ba. Matan coci suna kawo abinci bi da bi, Allah ya saka musu, amma cokali biyu take ci ta ture. Siket ɗinta har ya fara zamewa. Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye miki ba wannan karon.

Ki rubuto min ma'aunin abin nan. Na san abin da ke bin wani, amma yawansa ban sani ba. Ci kawai na iya.

Ubanki

Portland
16 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a mota gaban asibiti, na kasa fita.

Na mutum biyu: nama laba ɗaya, albasa rabi, tumatirin kwalba kusan kofi guda, mastad cokali ɗaya, jan sukari cokali ɗaya, ruwan tsami kaɗan. Ka tsiyaye man kafin ka zuba sauran, ka rage wuta, ka bar shi minti goma sha biyar. In ka gama ka fita ka sake rufe tankin. Abu mai sauƙi ne, Mama takan ce don ranar gajiya aka yi shi.

Har yanzu ina ganin daidai muka yi. Amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Taka, Ardis

Elm Fork
20 ga Janairu, 1987

'Yata Ardis,

Gaisuwa daga cikin ƙanƙara, ta kai tagar kicin. Gemu ba ya hana ilimi, ubanki ya zama kuku.

Ranar farko na bi takardarki, amma na manta tsiyaye mai. Ina shirin zuba tumatir sai na ji murya a bayana.

"Me kake yi haka?"

"Abinci nake yi mana, Verna."

"Abinci? Wannan ai tafkin mai ne. Kashe mu za ka yi? Matsa. A'a, riƙe kaskon, karkato shi. Kai Delmer, ƙaton banza, hannu kamar shebur."

Ranar ta cinye burodi biyu. Tun daga nan kullum sai na yi kuskure da gangan. Yau in yanka albasa manya-manya, gobe in ɗauko gishiri maimakon sukari, in ɗaga shi sama yadda za ta gani. Ni ke riƙe da kasko, ni ke kusa da wuta, ita kuma tana gefe tana wanke ni tas. Inez ta zo ta gani, ta ce ba ta taɓa ganin namijin da ake zagi yana murmushi ba. Farantin ma na bar ta ta jera bakwai, wanke biyar masu tsabta ba wani aiki ba ne.

Ki gaida Gordon. Ki ce wa 'yan'uwanki su riƙa kira da ƙarfe biyar, lokacin ta fi gane murya.

Ubanki

Elm Fork
11 ga Afrilu

Ardis,

Ina gaishe ku duka.

Jiya na bar man a ciki, na zuba gishiri cokali uku a gabanta, na ƙona burodin har ya yi baƙi. Tana zaune tana kallona. Na ajiye mata, ta cinye tsaf, ta goge baki, ta ce, "Na gode, bawan Allah. Matarka ta yi dace."

Ki zo, ki taho da yaran.

Ubanki, Delmer