Kakata Ta Ƙwace Mini Masu Kallo, Kuma Ba Ta Sani Ba

Tanti Aïchatou, don Allah ki agaje ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata goma sha bakwai, ina lise, wato sakandare, gidanmu a unguwar Banifandou, Yamai. Ni ba mai magana ba ce, ko malam ya kira sunana a aji sai muryata ta maƙale. Amma littattafan soyayya kam na sha su, har na fara rubuta nawa: labarin Balkissa da Abdulhakim, injiniya mai ƙamshin turare wanda duk zafin Yamai bai taɓa yin gumi ba. Ƙawata ta ce in riƙa karantawa a bidiyo ina sawa a TikTok. Fuskata ba ta fita, hannuna da lalle da takarda kawai ake gani.

Bidiyo goma sha huɗu na yi, Tanti. Kowanne da gaisuwa nake farawa yadda aka koya mini a gida: ina kwananku, ina gajiya, ina zafi, ina masu jiki, har da fofo saboda Zabarmawa. Kafin in kai kan Abdulhakim kowa ya watse. Salular ma, don wulaƙanci, tana zana mini daidai inda suka gudu, daƙiƙa ta huɗu. Masu kallona tara ne, uku daga ciki ni ce.

To ranar Lahadi kuran ya ɗauke, ba wuta ba fanka, ɗaki ya zama tanda, na fito tsakar gida na jingine salula a turmi. Ban lura ba ashe ta hasko kakata, Inna Ramatou, tana tsinkar zogale. Na zo inda Abdulhakim ya durƙusa ya rantse ba ci ba sha sai Balkissa ta yi masa murmushi. Inna, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce a kai masa dambu a gani. Na ce idanunsa na ƙyalli kamar taurari, ta ce masassara ce, a kai shi asibiti. Ni kunyar jin muryata nake, don haka ban sake kallo ba na saka.

Yau mutum dubu arba'in sun gani. Ko ɗaya bai tambayi ko Balkissa ta yi murmushin ba. Tsohuwa suke so a dawo da ita.

Inna kuwa ko hoton katin ɗan ƙasa da faɗa aka ɗauke ta. A bidiyon ɗaurin ƙirji ne da ita, ba kallabi. Jiya ta dawo daga kasuwar Wadata tana mamaki, wai wani tela ya ganta ya fashe da dariya yana cewa a kai masa dambu. Ranar Juma'a akwai suna a unguwar Maourey, dangi duka za su taru, kowa da salularsa.

In goge in koma wa mutanena tara? Ko in ci gaba da zama kusa da ita kamar ban sani ba? Karon farko ke nan da aka saurare ni, ko da ba ni ake saurara ba.

Mai Mafarki, Banifandou

'Yata Mai Mafarki,

Sannu da ƙoƙari. Kin gaida masu jiki, kin gaida Zabarmawa, mutum ɗaya ce ba ki nemi izininta ba, ita ce wadda ta yi miki aikin.

Na fahimci daɗin da kika ji, kuma ba da gangan kika ɗauke ta ba. Amma bidiyo na biyu in kika yi, da gangan ne. Ke da kike ɓoye fuskarki a bayan takarda kin fi kowa sanin abin da kika yi wa tata.

Ki ɓoye bidiyon yanzu. Gogewa kaɗai ba za ta cece ki ba, ya riga ya shiga saluloli. Yau ɗin nan ki zauna gabanta ki nuna mata da hannunki, ki ba ta haƙuri. In ta ce a'a, magana ta ƙare. In ta yi dariya, ki miƙa mata kallabi ki tambaye ta ko za ta sake, da saninta.

Batun riƙe masu kallo kuwa, ki duba abin da Inna ta yi. Ba ta gaida kowa ba, ta faɗi gaskiya a inda ba a zata ba, aka tsaya jiran ta gaba. Sallama ɗaya ta isa, sai ki faɗa tsakiyar labari, Abdulhakim a durƙushe. Ki bar shi ya ji yunwa kamar sauran bayin Allah. Kuma wadda ta rubuta cewa uku cikin masu kallonta ita ce, tana da irin bakin kakarta. Shi za ki sa a rubutunki.

In daga bakinki ta ji, faɗan yini ɗaya za ki sha. In a wurin suna ta ji, a gaban surukanta, ba za ta ƙara sakin jiki a tsakar gidanta ba muddin kina riƙe da salula. Kada Juma'a ta riga ki.

Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya buɗe miki muryarki.

Tanti Aïchatou