Waya Ta Goma Sha Bakwai

Fagge, Kano
8 ga Janairu, 2019

Zuwa ga maiɗakina Hajiya Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ya jinya, ya mutanen Potiskum? Mu nan lafiya lau. 'Yarki Jawahir tana gaishe ki, tuwonta ma ya fara ciwuwa.

Na ba direba takardar nan ne saboda kiranmu ya ƙi. Ke ma kin gani, sai fuskarki ta tsaya cak a waya, baki buɗe, ni kuma ina ta zuba ni kaɗai. Wayfai ɗin gidan nan ya ishe ni. Na kashe akwatin na kunna ya fi a ƙirga. Na ɗauke shi daga bayan talabijin na ɗora kan firij, Jawahir ta ce ƙarfe yana tare shi, na mayar kan durowa. Na je ofishin kamfanin, suka ce daga wajensu ba matsala.

Kin san wanda da ya taɓa shi yake gyaruwa. Kin tambaya ko ya kira. Bai kira ba, lambarsa har yau a kashe. Wata bakwai ke nan da na gano yaronki ya bar jami'a yana ɓoye mana, na ce kada ya sake taka min gida, bai kuwa sake ba. Ina cin abinci, ina zuwa shago, ina dawowa. Ba zan ce miki ina jin wani abu ba.

Gobe Cyprian, mai gyaran waya a Sabon Gari, zai zo ya duba.

Naki,
Hambali

Fagge, Kano
10 ga Janairu, 2019

Hajiya,

Sallama da fatan Inna ta samu sauƙi. Wannan ki karanta ke kaɗai.

Cyprian ya zo jiya bayan la'asar. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna min wayoyin da ke shan wayfai ɗinmu. Goma sha bakwai. Namu uku ne. Ashe Jawahir ta ba matar tela lambar sirrin, ita kuma ta raba wa layi. Cyprian ya yi ta dariya, wai na fi masu neman ƙuri'a kyauta. Na ce ya kori kowa.

Yana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai ya zo kan na ƙarshe. Abdulƙahhar. Na rubuta shi, duk da ni da ke ba mu taɓa kiran ɗan farinmu da sunansa ba. Cyprian bai sani ba, da ƙarfi ya faɗa. Ya ce wayar tana kai a daidai lokacin, sai dai da ƙyar take kamawa, ke nan mai ita yana bayan katanga, a lungu.

Katanga ɗaya, Zaituna. Ina zaune a kujera, yana bayanta.

Cyprian ya tambaya ko ya canza lambar. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ƙafata nake kallo, na lura farcena ya yi tsawo. Da ya ji shiru, ya danna. Sunayen suka ɓace gaba ɗaya.

Sai da ya gama haɗa jakarsa na miƙe. Na nemi takalmi, na zagaya. Bencin tela ba kowa. Telan ya ce kullum yaron yakan zo war haka, ya yi kamar rabin awa, ya tambaya ko kin dawo, ya roƙe shi kada ya faɗa min. Jiya kuwa ya dubi wayarsa, ya dubi katangar, ya tashi ko sallama bai yi ba.

Yaron ne ya saka lambar nan tun farko da hannunsa. Na san abin da zai ɗauka: na gan shi, na sake korar sa.

Na dawo na yi magariba. Intanet yana gudu sosai. Na ga kiranki, ban iya ɗauka ba.

Naki,
Hambali

Fagge, Kano
21 ga Janairu, 2019

Hajiya Zaituna,

Assalamu alaikum. Na ji an sallami Inna daga asibiti, alhamdu lillahi. Ki gaishe ta da jiki, ki gaishe da su Yaya. Amsarki ta iso. Duk abin da kika faɗa haka ne.

Washegarin ranar da na rubuta miki na bi Cyprian har shagonsa, ya rufe ya biyo ni, ya mayar da tsohuwar lambar. Bai tambaye ni dalili ba, Allah Ya saka masa. Ya ƙara min wayar lantarki mai tsawo, muka ɗora akwatin a tagar da ke kallon lungu. Ya koya min yadda zan duba sunayen a wayata. Yanzu da la'asar ta yi nake rufe shago.

'Yan layi duk sun dawo, su goma sha uku. Abin ya koma tafiyarsa ta da, don haka idan kira ya yanke ki yi haƙuri, ba zan sake gyarawa ba.

Na tambayi Cyprian ko sai mutum ya gwada da kansa wayar za ta kama. Ya ce a'a, ko a aljihu take, muddin ya gifta ta lungun sunansa zai fito.

Yau kwana goma ina dubawa. Ko giftawa bai yi ba.

Ki dawo idan Inna ta yarda. Wataƙila ke idan ya ji kin dawo zai zo.

Mijinki,
Hambali